Tsare Wutar Rana Cikin Zoben Maganaɗisu: Gwaje-gwajen Farko da Abin da Ke Gaba

 

Ranar 24 ga Maris, 1951, shugaban ƙasar Ajantina, Juan Perón, ya tara 'yan jarida ya shaida musu cewa ƙasarsa ta yi abin da ya gagari Amurka da Tarayyar Sobiyet. A tsibirin Huemul, cikin wani tafki kusa da garin Bariloche, wani masani mai suna Ronald Richter ya ce ya kunna irin wutar da ke ci a cikin rana, kuma ya san yadda zai juya ta. Gwamnati ta riga ta zuba masa maƙudan kuɗi. A 1952 aka tura kwamitin masana, cikinsu har da José Balseiro, suka duba kayan awonsa, suka tarar babu komai a ƙasa. Aka rufe wurin.

Labarin ƙarya ne, amma ya tayar da masu gaskiya daga barci. Tun daga lokacin fannin yake tafiya a kan tsari guda: wani ya yi iƙirari, wani ya zo da ma'auni, ma'aunin ya yanke hukunci. Wannan lacca za ta bi sawun waɗannan hukunce-hukunce, domin da su ake gane nauyin alkawuran da ake yi yau.

Abin da ake nema

Makamashin nukiliya iri biyu ne. Na farko shi ne a tsaga ƙwayar zarra mai nauyi, irin ta yuraniyam da ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Da shi tashoshin nukiliya na duniya suke aiki, haka ma ƙaramin injin bincike da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004. Na biyu shi ne a haɗe ƙwayoyi marasa nauyi su zama ɗaya. Tun 1920 Arthur Eddington ya kawo ra'ayin cewa haka rana take samun zafinta, tana mayar da haidirojin hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓace a tsakani ya zama makamashi.

A doron ƙasa, haɗin da ya fi sauƙi shi ne na wasu nau'o'in haidirojin biyu masu nauyi, dutiriyam da tiritiyam. Idan suka haɗe sai su haifar da hiliyam da niyutiron guda, kuma niyutiron ɗin ne ke ficewa da kashi 80 cikin 100 na makamashin. Dutiriyam ba ya wuya: kowace kubik mita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 33.

Wahalar ita ce cibiyoyin ƙwayoyin suna ture juna, saboda cajinsu na lantarki iri ɗaya ne. Sai an sa su gudu mai tsanani kafin su yi karo su manne, kuma gudun ƙwayoyi shi ne zafi. Tsakiyar rana tana kan digiri miliyan 15 a ma'aunin Selshiyos, tana kuma da nauyin kanta da ke matse komai. Injin ɗan Adam ba shi da wannan matsi, don haka sai ya rama da zafi, daga digiri miliyan 100 zuwa 150. A irin wannan zafi iskar gas takan koma filasma, wato ilaktiron sun rabu da cibiyoyinsu kowa yana yawonsa. Ba ƙarfen da zai riƙe ta, kuma da ta taɓa bango sai ta huce nan take. Amma filasma tana da lago guda: ƙwayoyinta suna da caji, abu mai caji kuwa yana bin layukan maganaɗisu yana kewaya su. Idan aka lanƙwasa layukan suka zama zobe, ƙwayoyin za su yi ta zagaye ba tare da sun isa bango ba.

A 1955 John Lawson, injiniya a cibiyar Harwell ta Ingila, ya fitar da sharaɗin cin riba. Abu uku ne dole su taru a lokaci ɗaya: zafi, cunkoson ƙwayoyi, da tsawon lokacin da zafin ke zama kafin ya zurare. Na ukun ne ya wahalar da kowa. Filasma randa ce mai yoyo: komai yawan abin da aka zuba, in yoyon ya fi zubin sauri ba za ta cika ba.

Shekarun sirri

Lyman Spitzer, masanin taurari a Jami'ar Princeton, ya ji labarin Ajantina bai gaskata ba, amma ya zauna ya tambayi kansa yadda za a yi abin da gaske. Ya lura cewa a cikin zobe maganaɗisu ya fi ƙarfi ta gefen ciki fiye da gefen waje, wannan bambanci kuma yana janye ƙwayoyin a hankali har su bugi bango. Maganinsa shi ne a murɗe layukan, yadda ƙwayar da ta kauce sama a wani sashe za ta dawo ƙasa a wani. Injinsa na farko, istelareta, an lanƙwasa bututunsa kamar lamba 8.

Wasu suka bi wasu hanyoyin. A Los Alamos, James Tuck ya gwada tura wutar lantarki mai ƙarfi ta cikin filasma domin ta matse kanta da maganaɗisun da wutar ta haifar. A Livermore, Richard Post ya gina miƙaƙƙen bututu mai maganaɗisu mai ƙarfi a bakinsa biyu, don ya riƙa mayar da ƙwayoyin baya. A Tarayyar Sobiyet kuwa, wani ƙaramin soja da ke aiki a tsibirin Sakhalin, Oleg Lavrentiev, ya aika wa hukumomi wasiƙa a 1950 kan yadda za a tsare filasma. Wasiƙar ta faɗa hannun Andrei Sakharov, shi da Igor Tamm suka fitar da tsarin zoben maganaɗisu wanda daga baya ya zama tokamak. Dukkan wannan aiki a ɓoye aka yi shi, saboda ana ganin yana da dangantaka da bam.

Sakamakon farko bai yi daɗi ba a ko'ina. Filasmar da aka matse takan lanƙwashe, ko ta tsuke a wani wuri ta kumbura a wani, ta watse kafin ƙiftawar ido. A injunan Princeton zafi ya riƙa zurarewa da saurin da ya ninka abin da lissafi ya nuna sau da yawa, kuma ƙara ƙarfin maganaɗisu bai rage yoyon yadda aka zata ba.

A Afrilun 1956 masanin Sobiyet Igor Kurchatov ya raka jagoran ƙasar, Nikita Khrushchev, ziyara Ingila, ya tsaya a Harwell ya bayyana aikin ƙasarsa a fili, abin da ba wanda ya yi tsammani. Cikin jawabin ya yi gargaɗi: su ma sun ga niyutiron suna fitowa daga injunansu, amma da suka bincika sai suka tarar ba zafi ne ya haife su ba.

ZETA da darasinta

Ba a cika shekara biyu ba Ingila ta faɗa ramin da aka nuna mata. A Agustan 1957 aka kunna ZETA a Harwell, injin matse filasma mafi girma a zamaninsa, niyutiron suka fara fitowa. A Janairun 1958 aka sanar da duniya cewa an kai digiri miliyan 5. 'Yan jarida suka matsa wa shugaban cibiyar, John Cockcroft, wanda ya riga ya ci kyautar Nobel, har ya ce yana da tabbacin kashi 90 cikin 100 cewa zafi ne ya haifar da haɗewar. Jaridu suka cika da albishir na lantarki daga ruwan teku.

Basil Rose, wani masani a cibiyar, ya auna ƙarfin niyutiron ɗin ta fuskoki daban-daban. Da zafi ne tushensu, da ƙarfinsu ya zo ɗaya ta kowace fuska. Sai ya tarar waɗanda suka bi wata fuska sun fi na kishiyarta ƙarfi. Ma'ana, hargitsin cikin filasmar ne yake harba wasu 'yan ƙwayoyi da gudu su bugi sauran, alhali jimillar filasmar ba ta yi zafin da aka ce ba. A Mayun 1958 aka janye iƙirarin.

Abu biyu suka biyo baya. A Satumbar shekarar, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana a Janeba, ƙasashen suka kwance sirrin, kowa ya baje kolinsa, sai aka ga ashe matsala ɗaya ce ke damun kowa. Na biyu, masanan Ingila suka duƙufa neman hanyar auna zafin filasma da ba ta da gardama. Suka same ta a leza: a harba haskenta ta ratsa filasma, a duba yadda launinsa ya bazu bayan ya ci karo da ilaktiron. Gwargwadon bazuwar, gwargwadon zafin.

Tokamak ta yi fice

Shekarun 1960 na sanyin gwiwa ne. Sai a 1968, a taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Novosibirsk, Lev Artsimovich na Cibiyar Kurchatov ya ce tokamak ɗinsu mai suna T-3 ta kai kusan digiri miliyan 10, kuma tana riƙe zafi fiye da kowane inji nesa ba kusa ba. Dabarar tokamak ita ce haɗa maganaɗisu biyu: mai ƙarfi daga naɗin wayoyin da ke kewaye da zoben, da wani daga wutar lantarkin da ke gudana a cikin filasmar kanta. Haɗuwarsu ce ke murɗe layukan. Amurkawa suka ƙi yarda, suka ce hanyar awon Rashawa ba ta da tabbas.

Artsimovich bai tsaya musu ba. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka ya gayyaci masana daga cibiyar Culham ta Ingila su zo su auna da kansu. A 1969 tawagar, ƙarƙashin Nicol Peacock, ta isa Masko da tan-tan na kayan leza. Derek Robinson ya shafe watanni a can. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a Nuwamban shekarar ya tabbatar da maganar Rashawa. Princeton ta wargaza babbar istelaretarta ta mayar da ita tokamak a 1970, sauran ƙasashe suka bi sahu.

Daga nan ci gaba ya zo da sauri. A 1978 injin PLT na Princeton ya haura digiri miliyan 60 ta hanyar harba wa filasma ƙwayoyi masu gudu daga waje. Sai wata matsalar ta ɓullo: duk lokacin da aka ƙara dumama, yoyon sai ya ƙaru. A 1982, a injin ASDEX da ke Garching ta Jamus, Friedrich Wagner ya ga abin da ba wanda ya hango: idan dumamar ta wuce wani mizani, gefen filasmar yakan lafa da kansa, riƙon zafi ya ninka kusan sau biyu. A kan wannan yanayi aka tsara manyan injunan da suka biyo baya.

Da man gaske

Yawancin gwaje-gwaje da dutiriyam zalla ake yin su, domin tiritiyam yana da tsada kuma yana fitar da tururin nukiliya. Tokamak biyu ne suka ƙona cikakken haɗin. JET, injin haɗin gwiwar ƙasashen Turai a Culham, ya fara aiki a 1983, kuma a Nuwamban 1991 ya fara sa tiritiyam ya samu kusan megawat 2 na ɗan lokaci. TFTR na Princeton ya kai megawat 10.7 a 1994. A 1997 JET ya fitar da megawat 16 alhali ana dumama filasmar da megawat 24, wato an samu kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka zuba. Har yau ba injin maganaɗisun da ya mayar da abin da aka zuba wa filasmarsa cif da man gaske.

Kafin a rufe JET a ƙarshen 2023, ya kafa tarihi na ƙarshe: megajul 69 cikin kimanin sakan 5, daga man da bai wuce miligiram 0.2 ba. Adadin yana da fuska biyu. Megajul 69 daidai yake da zafin da ke cikin litar fetur biyu, kuma fitar da shi daga abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba abin mamaki ne. Amma a waɗannan sakanni injin yana zuƙar ɗaruruwan megawat domin maganaɗisunsa na tagulla da na'urorin dumama.

Injunan da ke da wayoyi marasa turjiya, waɗanda wuta ke bi ba tare da sun yi zafi ba, su suka ɗauki gasar daɗewa. KSTAR ta Koriya ta Kudu ta riƙe digiri miliyan 100 na sakan 48. EAST da ke Hefei ta ƙasar Sin ta riƙe filasma sakan 1,066 a Janairun 2025, bayan wata guda WEST ta Faransa ta kai sakan 1,337. Ba ɗaya cikinsu da ya yi amfani da tiritiyam, saboda haka ba makamashin kirki suka fitar ba, juriya suka gwada.

Istelareta ma ta farfaɗo. Raunin tokamak shi ne wutar da ke cikin filasmarta: da wuya a ci gaba da tura ta ba yankewa, kuma takan katse farat ɗaya ta jibga wa bango zafi da girgiza. Istelareta ba ta bukatar wannan wuta, sai dai siffar maganaɗisunta sai kwamfuta mai ƙarfi ke iya lissafa ta. Wendelstein 7-X da ke Greifswald ta Jamus, mai murɗaɗɗun naɗin waya 50, ta fara aiki a Disambar 2015, kuma a Fabrairun 2023 ta riƙe filasma minti 8.

Manyan fata biyu

Fata na farko shi ne ITER, babban injin tokamak na haɗin gwiwar ƙasashe. Maganarsa ta taso ne a ganawar Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev a Janeba a 1985, aka zaɓi Cadarache a kudancin Faransa a 2005, aka sa hannu a 2006. Masu shi bakwai ne: Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu. Nauyin injin tan 23,000, maganaɗisunsa za su zauna a digiri 269 ƙasa da sifili, 'yan mitoci kaɗan daga filasma mai digiri miliyan 150. Burinsa megawat 500 daga dumamar megawat 50, riɓi goma ke nan. Ba zai ba kowa lantarki ba, injin gwaji ne.

Jinkiri ya yi masa katutu. An gano tsaga a bututun sanyaya wasu sassa, wasu manyan ɓangarorin zoben kuma ba su zo daidai da awo ba. A Yulin 2024 shugaban aikin, Pietro Barabaschi, ya sanar da sabon jadawali: bincike zai fara a 2034, ƙona dutiriyam da tiritiyam sai 2039, da ƙarin kuɗi kimanin Yuro biliyan 5.

Fata na biyu ƙaramin inji ne mai maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Lissafi ya nuna in aka ninka ƙarfin maganaɗisu sau biyu, makamashin da filasma mai girma ɗaya za ta bayar yana iya ninkuwa sau 16. A Satumbar 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka gwada maganaɗisu na sabon nau'in waya ƙarfinsa ya kai tesla 20. Da irinsa suke gina SPARC a Devens ta jihar Massachusetts. Daga tsakiyar injin zuwa tsakiyar zobensa mita 1.85 ne, na ITER kuwa mita 6.2. Kamfanin ya ce zai gina tashar lantarki a jihar Virginia a farkon shekarun 2030. Birtaniya kuma ta sa 2040 a matsayin lokacin kammala tasharta ta gwaji, STEP, a West Burton. Waɗannan duka ranaku ne na alkawari.

Abin da ya rage

Matsala ta farko tiritiyam ne. Rabinsa yana lalacewa duk shekara 12.3, don haka babu ma'adininsa. Abin da duniya ke da shi na farar hula bai wuce 'yan gomman kilo ba, akasarinsa daga tashoshin nukiliya samfurin Kanada, alhali tasha ɗaya mai zafin megawat 1,000 za ta ƙone fiye da kilo 50 a shekara. Dole kowace tasha ta haifi nata, ta hanyar lulluɓe zoben da litiyam, niyutiron su buge shi ya zama tiritiyam. Ba injin da ya taɓa nuna zai iya samar da gwargwadon abin da yake ci.

Ta biyu bango ne. Niyutiron ba su da caji, maganaɗisu ba ya tare su. Suna ratsa ƙarfe su gusar da ƙwayoyinsa, ya kumbura ya yi gautsi, ya kuma koma mai fitar da tururin nukiliya, har sai da mutum-mutumin inji za a riƙa canza sassan. Wurin da ake zubar da zafin filasma a ƙasan zoben yana shan kimanin megawat 10 a kowace murabba'in mita, shi ya sa ake shimfiɗa masa tangistin, ƙarfen da ya fi kowane jure narkewa.

Ta uku kuɗi ne. Mayar da zafi lantarki yana cinye fiye da rabinsa, injin kuma yana shan nasa kason. Abin da ya saura dole ya yi gogayya a kasuwa da hasken rana da iska, waɗanda farashinsu ya faɗi ƙwarai.

Ribar da ake hange ita ma ba ƙarama ba ce. Babu hayaƙin da ke ɗumama duniya. Man da ke cikin zoben a kowane lokaci 'yan giram ne, kuma in wani abu ya lalace filasmar mutuwa take yi, ba ta ƙwacewa. Sharar da za ta bari ba ta kai ta yuraniyam daɗewa ba.

Hukuncin da shekaru saba'in da ɗoriya na awo suka yanke shi ne: an iya zafin, an kusa iya riƙon, amma ba a taɓa sayar wa kowa ko da wat ɗaya na lantarki daga wannan hanya ba. Ko da ITER ya cika alkawari a 2039, sai an gina tashar gwaji bayansa kafin ta kasuwa, saboda haka ƙasar da ke fama da ƙarancin wuta yau ba za ta ɗora tsarinta na shekaru ashirin masu zuwa a kan wannan fasaha ba. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin masu ITER, ko da yake ana haƙo litiyam a Zimbabuwe da Mali da jihar Nasarawa. Ɗaliban fiziya da injiniyanci da ke zauren nan suna da ƙofar shiga ta ilmin filasma, ilmin ƙarafa da lissafin kwamfuta, kuma galibin sakamakon fannin a buɗe yake tun 1958.

Ga sauran jama'a kuwa, duk ranar da rediyo ko waya ta kawo labarin an kunna rana a cikin inji, a yi wa labarin tambaya huɗu: da tiritiyam aka yi gwajin, na tsawon sakan nawa, wuta nawa injin gaba ɗayansa ya sha, kuma wane ne daga waje ya auna?